Jinjina ga Rawanin da Bai Taɓa Shan Ƙura Ba

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka. Mu talakawanka na ƙasar Jabo, da maƙwabtanmu na Dogon Daji da Sanyinna, har can Kebbe da Kuchi, muna miƙo gaisuwa, muna taya ka murnar rawanin da aka naɗa maka. Ba zan kama sunanka ba, don ku da yawa ne, fadodin da suka naɗa ku ma suna da yawa. Wanda ya ji a jikinsa, to da shi ake.

'Yan hassada suna ta yaɗa cewa wai sayen rawanin ka yi. To sai me? Sata ka yi? Lakadan ka biya, ba ka nemi ragi ba, ba ka ce a ɗaga maka ƙafa zuwa kaka ba. Wanda ya gaji sarauta, me ya kashe? Haihuwarsa kawai aka yi a gidan. Wanda aka naɗa don ilimi ko don hidimar jama'a, sai da ya yi furfura yana sasanta manomi da makiyayi kafin a waiwaye shi. Kai kuwa tsakanin Sallah ƙarama da babba ka kammala komai: mota ta shiga fada, an yi wa zaure sabon fenti, kujerun Makka sun isa ga masu kusa da kunnen sarki, ambulan ta zagaya. Wannan shi ne aiki da zafinsa. Sarautun da muka tashi muka tarar, irin su Sarkin Burmin Jabo da Sarkin Kabin Yabo da Ardon Shuni, kowacce da ƙasa a ƙarƙashinta, da gonaki, da rigingimun gado, da mutanen da ke buga ƙofa tsakar dare. Taka kuwa fes take, ba ta da ko akuya ɗaya da za a tambaye ka inda ta kwana.

Mun ga ranar naɗin da idonmu. Tun asuba aka kafa rumfunan da aka ɗauko haya daga birni, jiniya na kuka, manyan motoci sun toshe hanyar masu kai albasa kasuwa. Dattijon da ke naɗi ya warware harsa fara sol, ya ɗora bakinta a kan dara, ya shiga zagayawa da ita a hankali, yana danna kowane zagaye da babban yatsa, ya ratsa ta ƙarƙashin haɓa, ya fitar da amawali ya rufe maka baki. Hannun nan ya naɗa wa mutanen da suka mutu da bashin jama'a a zuciyarsu, ga shi yau Allah ya nuna masa naka kan. Algaita ta ɗauka, 'yan bindiga suka saki wuta, kai kuwa gumi na bin wuyan alkyabba, kana tambayar na kusa da kai a hankali ko yaushe za a iya sauke abin nan. Wani tsoho da ke bayana ya taɓa ni ya ce, "Wanga da anka naɗa, ɗan wane gida na?" Na kusa da shi ya ce, "Ba mu san shi ba, amma an ce namu na." Ka ji albarka, ranka ya daɗe. Wasu sai an san su ake naɗa su. Kai sai da aka naɗa ka aka fara cigiyar gidanku.

Hikimarka ba ta tsaya nan ba. Kafin mako ya zagayo ka sa tela ya bi naɗin nan da zare da allura ya ɗinke shi, ya zama ana ɗaga shi ɗungurungum kamar murfin tukunya, a sa a kwali, a ajiye a kujerar baya. Idan an iso bakin gari direba ya tsaya, a ɗora. Idan an fita gari a sauke. Na da can sukan ɓata rabin sa'a kowace safiya suna naɗi, wai don mutum ya tuna abin da ke kansa kafin ya fita zaure. Kai ka huta da wannan tunanin. Mu ma ba a bar mu hannu rabbana ba: mun samu bokitin roba da kofi da kalanda, kowanne da hotonka, kuma har yau da bokitin nan yara ke zuwa neman ruwa unguwar da famfonta bai mutu ba.

Wanda bai san tarihin rawani a ƙasar nan ba, ba zai gane girman gyaran da ka yi masa ba. Wajen shekarar 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami lokacin Babbar Sallah, ya yi musu kyauta, ya ware wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo zinariya mithƙali 500. Shehu ya ƙi karɓa. A madadinta ya nemi abu biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince. A ƙunshi ɗaya aka ɗaure su, girman mai rawani da 'yancin ɗaurarre da sauƙin talaka. Shi ya sa da Nafata ya hau gadon Gobir ya so karya Jama'a, cikin dokokin da ya sa aka yi shela a kasuwa har da hana maza naɗa rawani, da hana mata lulluɓi. Mutum kan naɗa shi a lokacin yana sane da abin da zai iya biyo baya, kuma abin ya biyo, har ya kai ga hijira zuwa Gudu a 1804.

Sai Allah ya kawo mu zamaninka. Ka zo ka tarar da ƙunshin nan ya yi nauyi, ka kwance shi, ka zaɓi na uku, wato a girmama mai rawani, ka bar sauran huɗun ga masu tsohon yayi. Madalla da wannan rabo. Ɗaurarru yau ba a kurkukun Gobir suke ba, suna cikin daji, ƙafafu a sarƙa, 'yan'uwansu na sayar da gona da shanun huɗa don haɗa kuɗin fansa. Haraji kuma ɓarayin daji ne ke ɗora shi kan ƙauyukan gabashin Sakkwato da Zamfara, a biya kafin a yi shuka, a biya kafin a yi girbi, ga masifar ta gangaro har iyakar Kebbe. Da wani mai rawanin da bai waye ba ne, da ya hana kansa barci a kan wannan. Kai ka san darajar lafiyarka. Shehu ya mayar da zinariya don a saki mutane, kai ka miƙa zinariya don a rusuna maka, kuma duk ciniki ne, kowa da abin da ya fi so.

Haka batun mazauni. Mutanen farko suna da wata ɗabi'a mai wahalarwa, ta shugaba ya zauna inda haɗari yake. Tambuwal ɗin nan ribaɗi ce, Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya riƙe ta yana fuskantar Kabawa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya bar jin daɗin Sakkwato ya tare a ribaɗin Wurno, can ya rasu a 1837, can kabarinsa yake. Ba su da masu ba su shawara nagari, shi ya sa. Kai ka kafa naka ribaɗin a Maitama, bayan katanga mai waya da lantarki, inda kake tsare mu da addu'a da saƙon barka da Juma'a a Facebook.

Kada ka ji kaɗaici a wannan sana'a, ranka ya daɗe. Kana da magabaci, kuma Bature ne, ka ga kenan abin ba ƙauyanci ba ne.

Can kudancin nahiyar Amurka, a ƙasashen da yau ake kira Chile da Ajantina, akwai wata al'umma, Mapuche. Mutane ne masu taurin kai. Daular Inka ba ta iya da su ba, Sifaniyawa ma da suka haɗiye babban ɓangaren nahiyar sun kasa. A 1553 wani saurayinsu, Lautaro, wanda ya taɓa zama mai kula da dawakin gwamnan Sifaniyawa Pedro de Valdivia, ya koma cikin danginsa da sanin sirrin doki, ya murƙushe rundunar maigidan nasa a Tucapel, gwamnan ya rasa ransa. A 1641 aka zauna a Quilín, Sifaniya ta yarda cewa kogin Biobío shi ne iyaka. Duk wannan sun yi shi ba tare da sarki guda ba. Kowace zuriya da shugabanta da suke kira lonko, yana zaune cikinsu, yana cin abin da suke ci. Idan yaƙi ya taso sai su taru su zaɓi toki, jagoran yaƙi, alamarsa ɗan gatarin dutse. Yaƙi na ƙarewa, ikonsa ya ƙare. Ka ji rashin wayewa: shekara kusan 300 suna kare ƙasarsu, ba wanda ya yi tunanin buga kalanda.

Sai wani lauya daga Périgueux ta Faransa, Orélie-Antoine de Tounens, ya tausaya musu. Ya sauka Chile a 1858, ya ratsa zuwa kudu, ranar 17 ga Nuwamba 1860 ya shelanta cewa shi ne sarkin Araucanía, bayan kwana uku ya ƙara da Patagonia, don ƙasa ba ta yi wa mai takarda da alƙalami yawa. Ya rubuta tsarin mulki, ya yi tuta. Gaskiya ne wasu lonko, cikinsu har da Quilapán, sun karɓe shi, don sojojin Chile na matsowa, kuma sun sa ran Bature zai jawo musu bindigogi da goyon bayan Faransa. Ba abin da ya zo. A farkon 1862 hukumar Chile ta kama shi, kotu ta ce taɓin hankali gare shi, aka sa shi a jirgin ruwa zuwa gida. Zuwansa ma ya ƙara wa gwamnati hujjar gaggauta mamaye yankin, aikin da Cornelio Saavedra ya jagoranta. Zuwa 1883 an gama da ɓangaren Chile, Janar Roca kuma ya share na Ajantina da bakin bindiga. Aka tattara Mapuche na Chile a 'yan filaye da jimillarsu ba ta wuce kimanin hekta dubu 500 ba, daga miliyoyin hektocin da suka mallaka.

Suna da nasu ado na ka. Sunansa trarilonko, maɗauri ne da ake zagaya goshi da shi, na maza saƙaƙƙe da ulu, na mata jere da azurfar da maƙeransu suka narkar daga tsabar kuɗi. Uwa kan bar wa 'yarta. Da yunwa ta biyo bayan yaƙi, matan nan suka riƙa kwance azurfar daga goshinsu suna kai wa 'yan kasuwa jingina don abin da za a sa a tukunya, yawancinta ba ta dawo ba, tana gidajen tarihi da akwatunan masu tara kayan da. Amma kada ka damu, sarautar ba ta mutu ba. Tounens ya rasu a ƙauyen Tourtoirac a 1878, wani Bafaranshe mai suna Achille Laviarde ya ɗauka, aka yi ta miƙawa daga Bature zuwa Bature, ana raba lambobin girma da muƙaman fada. Philippe Boiry ya riƙe fiye da shekara 60, har rasuwarsa a 2014, a 2018 kuma Frédéric Luz ya hau. Suna da kambin sarauta na ƙarfe, suna da gidan tarihi a Tourtoirac, babu ƙasa ko ɗaya a duniya da ta amince da su. Sukan ce suna magana da yawun Mapuche a tarukan duniya, akwai kuma 'yan Mapuche da suka yarda da hakan. Su dai sauran, mutum kusan miliyan 1.7 a ƙidayar Chile ta 2017, suna nan, yankin Araucanía na cikin mafi talauci a ƙasar, kamfanonin katako sun shuke gonakin kakanninsu da itatuwan sayarwa, a 2022 ma gwamnati ta sake baza sojoji a yankin. Kambin kuwa lafiyarsa lau, yana Faransa, ruwan sama bai taɓa dukansa ba.

Duk da haka ka fi shi, kuma ba don ina gabanka ba. Shi Tounens ya yi wautar ƙetare teku, ya kwana a bukkokin mutanen, ya sha ɗauri, bayan an kore shi ya sake yunƙurin komawa a 1869 da 1874 da 1876, ya ƙare a matsiyaci. Wato ya ɗauki abin da gaske, ya bar sarauta ta ci shi. Kai ka gane cewa ba a haka. Jirgi ya sauke ka filin Sultan Abubakar na Uku da hantsi, ka iso mana bayan azahar, kafin magariba ka juya, don hanya ba ta da kyau da dare. Mu da muke kwana a kan hanyar mun gode da ka lura.

Ga shi kuma kun buɗe ƙofa, arziki ya yalwata. Yanzu akwai Sarkin Yaƙin da ƙarar tayar mota ke sa shi kwanciya a ƙasa, akwai Sarkin Noman da bai bambance gero da maiwa ba, akwai Garkuwan Matasa a garin da matasan suka watse zuwa Legas da wuraren haƙar zinariya. Idan sarautun gari sun ƙare sai a ƙirƙiro sabuwa, harsa ba ta ƙarewa a kasuwa. Da ƙofa ta buɗu sosai, kowa ya shigo. A watan Yulin 2022 Sarkin 'Yandoton Daji a Zamfara ya naɗa Ado Aleru Sarkin Fulani, mutumin da 'yan sandan Katsina suka sa ladan naira miliyan 5 a kansa tun 2020 saboda kashe-kashe. An yi taro da rana tsaka, an naɗa, an yi hotuna, sai da ƙasa ta ɗauki kururuwa gwamna Bello Matawalle ya dakatar da sarkin. Mutane suka yi ta salati, ni kuwa ban ga abin mamaki ba. Tun ranar da aka daina tambayar kan da za a naɗa wa me ya yi wa jama'a, aka koma tambayar me ya kawo, ai mai bindiga ma yana da abin kawowa. Hanyar da kuka share ce ya bi.

Wata falalar rawaninka ita ce ba ya faɗuwa. Tun da Lugard ya ci Sakkwato a watan Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi gabas har ya yi shahada a Burmi cikin Yulin shekarar, naɗi da tuɓewa suka koma hannun mai mulki. Muhammadu Tambari ya sauka a 1931, Abacha ya tuɓe Ibrahim Dasuki a 1996, an cire Mustapha Jokolo daga Gwandu a 2005, an fitar da Sanusi na Biyu daga Kano a 2020, a watan Afrilun 2024 gwamnatin Sakkwato ta sauke uwayen ƙasa 15 a rana ɗaya. Duk waɗannan akwai abin da za a ƙwace a hannunsu. Kai wa zai tuɓe ka? Me zai karɓa? Ko wace jam'iyya ta ci, kana sahun gaba a ɗaurin auren 'yar gwamna.

Akwai dai wasu da suka ƙi koyon darasi, kuma a kansu ba zan iya wasa da harshe ba. Mai unguwarmu rawaninsa ya koma ruwan ƙasa, gefensa ya zare, da sabulun wanki ake wanke shi a shanya a kan danga. Shi ake tasa idan shanu sun shiga gonar dawa, ya tsaya tsakanin mai sanda da mai lauje. Shi ya san iyakar gonar marayu, shi ke karɓar baƙon da dare ya yi wa, shi ke neman mota idan naƙuda ta yi gardama. Da iyaye suka ƙi rigakafin shan inna, irinsa ne suka bi gida gida, bayan sarakunan Arewa sun kafa kwamitinsu a 2009 ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, suka ɗiga wa 'ya'yansu a bainar jama'a don a yarda, har aka wayi gari a 2020 an tabbatar cutar ta bar Najeriya. Tsarin mulkin 1999 bai ba su aikin komai ba, 'yan doka da kotuna an karɓe su daga hannun sarakuna tun zamanin Gowon, amma idan ɓarayi suka shigo, gidansu ake fara tambaya. A ƙarshen Yulin 2024 aka tare Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komawa Sabon Birni daga Sakkwato. Duniya ta ga bidiyonsa, dattijo a ɗaure, jini a tufafinsa, kansa ba rawani, yana roƙon a cece shi. Ya rasu a hannunsu cikin Agusta. Na kasa cin abinci ranar da na ga bidiyon nan, kuma na san ba ni kaɗai ba ne a ƙasar Sakkwato. Gida yake komawa, wurin mutanensa, shi ya sa aka same shi a kan hanyar.

Kai ba za a same ka ba, Allah ya ƙara tsarewa. Lambar motarka ma sunan sarautarka ne a rubuce, sojan shingen hanya na gani ya sara, ba a buɗe but.

Dattawan da muka tura maka kan maganar famfo da rufin ajin firamaren da iska ta yaye sun dawo lafiya. Sun ce gidan ya yi kyau daga waje. Mai gadi ya karɓe su da mutunci, ya ba su benci a inuwa, suka yi azahar da la'asar a nan, daga baya wani yaro ya fito ya ce Mai Girma na ganawa da baƙi daga ƙasar waje, amma ya ji saƙo, kuma abin na ransa. An ba su kuɗin mota na dawowa, da sabuwar kalanda. A bakin yaron ne kuma suka ji albishir cewa ana shirin naɗa babban ɗanka shi ma, da zarar ya kammala karatu a Ingila, har an fara maganar anko. Mun yi murna ƙwarai. Roƙonmu ɗaya, ranka ya daɗe: a aiko mana da hotonsa kafin ranar, da sunan da ake kiransa, da wanda zai yi mana tafinta idan mun zo faɗuwa gaisuwa.